Filin Motoci: Akwatin Ƙara wa Mota Ƙarfi, Daga Ina Yake Samo Dawakinsa?

 

Makonni uku ke nan da wani saurayi, ɗan wani attajiri mai harkar shanu a Agege, ya tare ni a ƙofar ofis riƙe da wani ɗan akwati wanda girmansa bai wuce na kwalin sabulu ba, ga wayoyi suna reto a jikinsa. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ina karanta filinka kowane mako. Wannan abu daga Amurka aka aiko mini da shi, an ce in na saka wa motata zai ƙara mata ƙarfin dawaki gommai. Alhaji ya ce ba ruwansa, in inji ya buga kada in tunkare shi da maganar kuɗi. Shi ne na ce bari in ji ta bakinka." Na tambaye shi irin motar, ya ce Toyota Supra ce ta 2021, 'yar tokumbo. Na ce masa ni ɗan jarida ne, ban taɓa riƙe sufana don neman abinci ba, amma in ya yarda ranar da za a saka zan bi shi gareji, tun da an ce gani ya kori ji. Abin da na gani da abin da na bincika shi zan baje muku yau, domin ana ƙara ganin irin akwatunan nan a hannun samarinmu, alhali da yawansu ba su san abin da suka saya ba.

Motar da ake magana a kanta

Supra mota ce ta ƙawa da gudu, mai kujera biyu, wadda kamfanin Toyota na Japan ya dawo da ita kasuwa a 2019 bayan ya shekara 17 da daina ƙera ta. Sunan na Japan ne, amma injin na kamfanin BMW ne na Jamus, mai silinda shida a jere, lita 3, da turbo guda, kuma a birnin Graz na ƙasar Ostiriya aka harhaɗa ta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka a 2021 tana da ƙarfin doki 382. Don mai karatu ya sami abin kwatantawa, Fijo 504 mai kabureta, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ta yi shekaru tana jigilar jama'a tsakanin Ikko da Kano da ƙarfin da bai kai doki 100 ba. Ita kuwa Supra daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa 4, sa'an nan maƙera sun ɗaure ta kada ta wuce kilomita 250.

To, me mai irin wannan mota yake nema kuma? Abin gado ne. Yayarta, wadda aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, tana da inji mai gangar jiki ta baƙin ƙarfe wanda ya yi suna wajen jure ƙari, har masu sha'awa sukan ninka ƙarfinsa bayan sun canza masa turbo da kayan mai. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ƙara yayata ta a duniya. Saboda haka samari suka tashi da imanin cewa kowace Supra akwai ƙarfin da aka ɓoye mata, sai dai a tono shi. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma kafin a tono ya kamata a san dalilin da ya sa aka binne.

Yadda inji ke samun ƙarfi

Injin fetur ba fetur kaɗai yake ci ba. Kafin ya ƙone kilo ɗaya na fetur sarai yana bukatar iska kilo 14.7. Zuba fetur ba shi da wuya, don haka ƙarfin inji ya rataya ne ga yawan iskar da za a iya cusa masa. Aikin turbo ke nan: hayaƙin da ke fita yana juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin inji kamar zugazugin maƙeri. Juyin nan yakan wuce sau 100,000 a minti guda. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma ba ta sami gindin zama a motocin ƙawa ba sai a shekarun 1970, musamman da fitowar Porsche 911 Turbo a 1975.

Sai dai matsa iska yana da tasa illar. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, kowa ya taɓa hura tayar keke da famfo ya ji haka a tafin hannunsa. In zafi da matsi suka yi yawa a cikin silinda, wani sashe na haɗin iska da fetur yakan fashe don kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, sai fistin ya sha duka kamar an sa masa guduma. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. In ta ɗore sai fistin ya tsage ko zobensa ya karye, daga nan sai a kai ga abin da makanikai kan faɗa wa mutum suna sunkuyar da kai, watau inji ya buga.

A zamanin kabureta bakanike ne ke tsaron wannan da sukudireba da kunnensa. Tun daga 1979, sa'ad da kamfanin Bosch ya fito da tsarin Motronic a motar BMW 732i, wanda ya haɗa rabon fetur da lokacin ba fulogi wuta a hannun kwamfuta ɗaya, aikin ya riƙa komawa ga abin da muke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita kuwa ƙwaƙwalwar nan kamar sarki take a cikin fada, ba ta fita rangadi, da rahoton jakadu take yanke hukunci. Jakadun su ne 'yan na'urorin da ake kira sensa: wannan yana auna matsin iska, wancan zafinta, wani yana shinshinar hayaƙi don a san ko fetur ya yi daidai, wani kuma yana manne a jikin inji yana sauraron ƙwanƙwasa. Da ya ji ta sai ya kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar fulogi, ƙarfi ya ragu, inji ya tsira.

Har ila yau, maƙera ba sa barin inji ya yi iyakar abin da zai iya. Mota ɗaya ce za a sayar a ƙasar ƙanƙara da ƙasar hamada, ga mai samun fetur mai kyau da mai samun gurɓatacce, ga mai canza baƙin mai a kan kari da wanda sai ya tuna. Dole kuma ta cika dokokin hayaƙi, ta yi shekaru ba a buɗe injinta ba. Don haka sukan bar rara, kamar yadda manomi mai hankali ke barin hatsi a rumbu saboda shekarar fari. Duk abin da ake tallarsa da sunan ƙara wa mota ƙarfi, in na gaskiya ne, daga wannan rumbu yake ɗiba.

Hanyoyin ɗibar

Hanya ta farko ita ce a sake rubuta umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta. A shekarun 1980 buɗe ta ake yi a cire ɗan guntun da ke ɗauke da umarnin a dasa wani. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota wani soket na bai-ɗaya a kusa da sitiyari, mai suna OBD-II, don binciken lafiyar inji, sai masu gyara suka mai da shi ƙofar shiga da kwamfuta. Maƙera kuma suka riƙa ƙara kwaɗo. Supra da danginta na BMW waɗanda aka ƙera ƙwaƙwalwarsu bayan watan Yuni na 2020 a kulle suka zo, har ta kai masu motoci suna cire ta suna aikawa wani kamfani a ƙasar Finland don a buɗe. Motar saurayin namu tana cikin waɗannan, shi ya sa aka aiko masa da hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce akwatin da ke hannunsa, wanda za mu iya kira ɗan goyo, domin a bayan ƙwaƙwalwar yake hawa. Cikin waɗanda suka yi suna akwai RaceChip na Jamus da JB4 na Amurka. Ɗan goyo ba ya taɓa umarnin ƙwaƙwalwa. Tare jakada yake yi a hanya, ya karɓe rahoton, ya rage, sa'an nan ya miƙa. A misali, in matsin iska ya kai mudu goma sha biyu, sai ya ce wa ƙwaƙwalwa goma ne. Ita kuma ta ga bai kai abin da ta nema ba, sai ta umarci turbo ya ƙara himma. Da iska ta ƙaru, mai shinshinar hayaƙi ya kai rahoton fetur ya yi kaɗan, sai ta ƙara fetur. Ga ƙarin ƙarfi ya samu, amma a kan ƙarya aka gina shi, kuma sarkin da ake yi wa ƙarya ba ya sanin ainihin halin da ƙasarsa take ciki.

Akwai kuma wani ɗan akwati da ake sakawa a jikin totur. Shi wannan ko doki ɗaya ba ya ƙarawa, sai dai in ka taka kaɗan ya ce ka taka da yawa, mota ta zabura, kai kuma ka ji daɗi. Daga nan sai na bogi, waɗanda ake cusawa a soket ɗin kusa da sitiyari, masu 'yan fitilu suna ƙyaftawa, ana sayar da su kuɗi ƙalilan da alkawarin ƙarin ƙarfi da ragin shan mai a lokaci guda. A 2017 wasu masu binciken na'urori a Faransa sun farke ɗaya daga cikinsu, suka tarar ba ya ma magana da motar, aikinsa ƙyafta fitila kawai. Araha dai ba ta ado.

Abin da na gani a gareji

Ran Asabar muka dunguma wani gareji a wajejen Ikeja. Maigarejin dattijo ne Bayarabe wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, ya ji Hausa kamar jakin Kano, kuma ya daɗe yana aikin motocin Jamus. Ya karɓi akwatin, ya juya shi, ya ajiye a kan teburi, ya ɗauko kwamfutar bincike ya jona a motar. Ba a jima ba sai ga rahoto cewa silinda ɗaya takan ɗauke wuta lokaci-lokaci. Ya sa yaransa suka kwance fulogai, ga su sun cinye, matatar iska kuma ta toshe da ƙura. Ya duƙa ya karanta lambobi huɗu da ke jikin taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ya ce tayoyin baya tun na fitowar motar daga masana'anta ne.

Ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, yau ba za mu saka ba. Je ka kawo fulogai shida na asali, da matatar iska, da baƙin man da littafin motar ya faɗa, da tayoyi biyu." Saurayin ya ɓata rai, ya ce, "Haba Baba, an ce mini aikin minti talatin ne." Dattijon ya ce, "Sakawa minti talatin ne. Amma ba a ɗora wa jaki mai ɗingishi ƙarin mangala."

Asabar ta zagayo muka koma, an canza duk abin da ya lissafa. Ga yadda aikin ya gudana, don amfanin wanda zai tsaya a kan tasa motar.

Da farko aka bar inji ya huce sarai. Aka kashe mota, aka buɗe bonet, aka rufe ƙofofi, aka kai makulli can cikin ofis, aka jira kamar minti goma sha biyar. Dalili shi ne motocin zamani ba sa barci da zarar an kashe su, kuma in makulli yana kusa sukan farka. In aka zare wayar sensa ƙwaƙwalwa tana farke, sai ta rubuta laifi ta kunna fitilar gargaɗi. Wasu sukan cire kan batir gaba ɗaya, wanda a Supra yana baya ne, a cikin but.

Sa'an nan aka ɗaga murfin robar da ke kan inji, aka nemo sensa biyu na matsin iska, ɗaya a jikin bututun da ke kawo iska daga turbo, ɗaya a jikin akwatin da ke rarraba ta ga silindoji. Kowanne aka danna ɗan harshen da ke riƙe da soket ɗinsa aka zare a hankali, domin robar da ta sha zafin inji shekara da shekaru takan yi gautsi. Wayar ɗan goyo tana da baki biyu a kowane reshe, ɗaya ya shiga sensa, ɗaya ya karɓi wayar motar, har sai an ji ƙas. Ba a yanke waya ko ɗaya ba. Dattijon ya ce duk bakaniken da ya ɗauko reza ko almakashi a wannan aiki, a karɓe mota a gudu.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne shimfiɗa wayoyin. Aka bi da su ta gefen da ba zafi, nesa da turbo da bututun hayaƙi, inda zafi kan kai ɗaruruwan digiri, nesa kuma da bel da fanka, aka ɗaɗɗaure su da 'yan igiyoyin roba don kada su riƙa gogar ƙarfe. Shi kansa akwatin aka ɗaure shi a lungu, bakinsa yana kallon ƙasa saboda ruwa, wanda duk mazaunin Ikko ya san dalili in damina ta kankama. Akwai waya guda da aka zura ta cikin ramin roba zuwa cikin mota aka jona a soket ɗin kusa da sitiyari, ta nan akwatin ke karanta abin da inji ke ciki.

Da aka gama, sai aka sa akwatin a matakin sifiri, watau ya miƙa rahoto yadda ya same shi ba ragi. Aka ta da mota, aka saurara, aka duba ba fitilar gargaɗi, aka sake jona kwamfuta ba laifi. Wannan shi ke tabbatar da cewa haɗin waya ya yi, kafin a fara zancen ƙarfi.

Gwaji, da maganar fetur

Garejin yana da na'urar gwaji, watau wasu gangunan ƙarfe a ƙasa da ake ɗora tayoyin baya a kansu, a ɗaure mota da igiyoyi, ta yi ta gudu a wuri ɗaya ana auna ƙarfinta. Aka gwada a matakin sifiri, aka rubuta. Aka ɗaga zuwa mataki na ɗaya aka sake takawa, sai ga layi a allon kwamfuta ya haura na farko. Saurayin ya yi tsalle ya ce a kai mataki na ƙarshe. Dattijon ya ce a dakata, a maimaita wannan tukuna. Rana ta take, gareji ya ɗau zafi. A karo na uku ya kira mu ya nuna mana wasu layuka a ƙasan allo: zafin iskar da ke shiga inji ya hau, mai sauraron ƙwanƙwasa ya fara kai ƙara, ƙwaƙwalwa tana ta jinkirta wuta a silinda biyu. Ƙarin da aka gani da farko ya zaizaye, saura kaɗan ya koma inda aka faro. Watau ɗan goyo yana tura mota gaba, ƙwaƙwalwa tana janye ta baya, abin da ya rage a tsakani shi ne zafi.

A nan ne maganar fetur ta taso, kuma ina roƙon mai karatu ya natsu. Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ana auna ta da lambar oktan. Takardar da ta zo da akwatin ta ce mataki na ɗaya na fetur mai lamba 91 ne, na biyu na mai 93. Amma Amurka da nata lissafin take amfani. Abin da take kira 91 ya yi daidai da kusan 95 a lissafin Turai, wanda shi muke bi a nan, 93 ɗinta kuwa kusan 98 ne. A Jamus ko Ingila direba yana da zaɓi a bakin famfo. Mu kuwa fetur iri ɗaya ake zuba wa kowa, da mai Keke Napep da mai Supra, kuma mafi ƙarancin oktan da aka gindaya masa bai kai 95 ba. Ba mu manta kuma da watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka cika Ikko da Abuja, masu motoci suna kukan lalacewar inji. Ma'ana, rarar nan da maƙera suka ajiye saboda zafi da fetur mara ƙarfi, motar da ke yawo a titunanmu ta riga ta fara cinta tun kafin a goya mata komai.

Yadda maƙeran suka yi nasu ƙarin

Supra ta 2020 ta kasuwar Amurka doki 335 gare ta, ta 2021 kuwa 382, ƙarin 47 ke nan a inji iri ɗaya. Da ƙara matsin turbo kaɗai ya isa, da shi za su yi su huta. Amma sai da suka sake fasalin mafitar hayaƙi daga ƙofa biyu zuwa shida don zafi ya sami hanya, suka canza fistin don rage matsewar silinda daga kashi 11 zuwa 10.2, sa'an nan suka sake daidaita ƙafafun motar suka ƙara mata sandunan ƙarfafa gaba. Injiniyoyin da suka san injin ciki da bai, sai da suka biya kowane doki da ƙarfe. Wanda ya goya akwati shi ma zai biya, sai dai nasa bashi ne. Giyabos yana daidaita riƙonsa ne bisa ƙarfin da ƙwaƙwalwa ta faɗa masa, ita kuma an rage mata lissafi. Famfon fetur yana da iyakar abin da zai iya turawa. Fulogi da baƙin mai za su riƙa gajiya da wuri, shan mai kuma zai ƙaru duk lokacin da aka taka, ga shi tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda lita take. Motar tokumbo kuwa ba ta da garanti, in inji ya tafi aljihun mai ita ne zai amsa.

Doka da titi

A ƙasashen da ake ƙera akwatunan nan ba a bar abin sakaka ba. A Jamus dole na'urar ta kasance da takardar amincewa, a kuma shigar da canjin cikin takardun mota, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi, inshora ma ta sami ƙofar zillewa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun watan Yuli na 2021 motar da aka sake wa umarnin ƙwaƙwalwa ba da amincewar hukuma ba takan faɗi gwajin hayaƙi. A nan gida, wanda ya yi wa motarsa cikakkiyar inshora ya kyautu ya sanar da kamfanin a rubuce, don kada ranar tsautsayi a ce ya ɓoye gaskiya.

Sai babbar magana. Dokar hanya ta ƙasar nan, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ke tsaronta, ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi irin ta Ikko zuwa Badun. Motar nan ba a taɓa ta ba ma tana cinye wannan iyaka cikin daƙiƙa huɗu. Akwatin kuma bai ƙara wa birki komai ba. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsai da ita ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: daga 100 zuwa 140 ya kusa ninkawa, a 200 ya ninka huɗu. Mai gudun 200 yana shafe fiye da rabin filin ƙwallo a daƙiƙa guda, a hanyar da tirela kan mutu ba fitila, mai talla kan tsallaka da tire a ka. Inji in ya buga akwai na sayarwa a Ladipo, amma ɗan mutum ba a sayar da shi a ko'ina.

Shawarata ga mai niyya ita ce, ya fara da gyaran abin da ya gaji, ya nemi bakaniken da ya iya karanta rahoton inji, ya tsaya a mataki mafi ƙanƙanta, ya riƙa shan mai a gidan da ya amince da shi, in kuma rahoto ya nuna ƙwanƙwasa ya koma sifiri ba gardama. Wanda ba zai iya waɗannan ba, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi dai saurayin namu, dattijon ya mayar masa da akwatin matakin sifiri, ya ce ya dawo da sanyin safiya wata rana a sake gwadawa da man wani gidan, in layukan sun kwanta a bar masa mataki na ɗaya. Shekaranjiya na buga masa waya na tambaye shi labarin dawaki. Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Malam, yau daga Agege zuwa Oshodi awa biyu na yi, wani mai Keke Napep ma sau uku yana wuce ni." Na ce ya gai da Alhaji.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake gane tayar da ta tsufa a ajiye ko da ba a taɓa hawanta ba. Masu tambayoyi su ci gaba da aiko da wasiƙunsu. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.